Rasuwar Tante Fien, Madubin Hangen Taurari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Lieselot Verhaegen ta unguwar Nekkerspoel a garin Mechelen na ƙasar Beljiyam ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar madubin hangen taurarin gidansu, wadda aka fi sani da Tante Fien, wato Goggo Fien. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara ashirin da shida, tana ƙamshin sabulun wanke taga.

Marigayi Remi, mahaifin Lieselot, shi ya ƙera ta, ya wasa gilashinta da hannunsa, shekara guda cur, a kan teburin kicin. Tun daga nan take zaune a rumfar katako ta bayan gida, tsakanin igiyar shanya da katangar maƙwabci. Rabonta na sama bai fi faɗin tabarma ba, shi ma fitilun babbar hanya sun rine shi ja. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta, in tana bin tauraro, ita ce "ƙiii… ƙyas", sai ta yi shiru.

Burinta ɗaya ne: hoton shuɗin gajimaren da ke lulluɓe da taurarin Kaza da 'Ya'yanta. A irin wannan gari ba a ɗaukarsa lokaci guda. Tara haske ake yi kaɗan-kaɗan, duk daren da sama ta washe, har awa arba'in. Remi ya tara goma sha tara kafin a kai shi makwanci. Lieselot ta ƙara goma sha huɗu. Saura bakwai.

Game da jinya, iyali na roƙon a taƙaita tambaya. Godelieve, mahaifiyar Lieselot, ba ta taɓa taka rumfar nan ba, don ta daɗe tana ganin ita ke cinye mata miji. Ranar cikarsa shekara biyu da rasuwa ta ɗauki makulli ta shiga. Ta ga ƙura a kan gilashin, ta yi abin da ta iya: ta kawo tsumma da sabulu ta goge shi tas. Ba wanda ya taɓa gaya mata ba a goge shi. Wani masani a birnin Gent ya duba, ya ce ƙarzunan sun yi zurfi, gyara sai bayan wata huɗu. Kafin nan Kaza ta faɗa bayan rufin maƙwabci, kuma da bazara za a kunna sababbin fitilu a filin ƙwallon unguwa.

Marigayiya ta bar kyamara ɗaya, da na'urar busar da gashi da ke kore mata raɓa, da hoton da bai ƙarasa ba. Ta kuma bar maƙwabci Staf, wanda shekara tara ke nan yana cire ƙwan fitilar ƙofarsa dominta, ba tare da an roƙe shi ba.

Za a sauke ta ranar Asabar da ƙarfe biyu, a ajiye ta a ɗakin sama. Akwai kofi da burodi da cuku. Kada a kawo furanni, kada kuma a yi wa kowa kallon tuhuma.

Likkafani ya samu. Jiya Lieselot na kwance kusoshin marigayiya sai ta ji motsi a bayanta. Godelieve ce, riƙe da tsohuwar rigar sanyin Remi, wadda ta hana kowa taɓawa. Ta ninke ta, ta ajiye a bakin ƙofar rumfa, ta ɗora makullin a kai, ta koma cikin gida.