Rasuwar Mai-Rufe-Baka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Abdul-Jalil mai buga takardu na zangon Yendi yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Mai-Rufe-Baka. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana aiki.

An sayo ta a Bawku, ta hannu ce, harafi biyu sun goge. Amma tana da hali ɗaya da mutane da yawa ba su da shi: abin da ta buɗe sai ta rufe. Ka danna baka ta buɗewa, wato alamar rubutun nan mai lanƙwasa da ake killace magana da ita, kafin ka ɗaga yatsa ta kawo ta rufewa, ƙyas, ta ajiye. A littattafan Malam Yusif na Salaga, waɗanda Abdul-Jalil ke bugawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin baka ce katangar da ke raba aya da bayanin malam.

Masu baki za su tuna katin auren Rafi'atu, inda marigayiya ta ga ɗigon nan na sama da ke tsakiyar sunan ta zaci buɗe zance aka yi, ta ƙara wani a ƙarshe. To, sun tuna. Auren na nan, 'ya'ya uku. Wa ɗigo ya kashe?

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Fankarta ta yi kwana tara tana fuuu, fuskarta ta yi zane-zane, sannan ta ce tin sau ɗaya ta yi shiru. Ta bar caja mai ɗaurin roba, da firinta wadda ba ta jin maganar kowa sai tata.

Kwana uku da rasuwar, Abdul-Jalil ya ƙarasa littafin Malam a kwamfutar aro. Ya buɗe baka a shafi na huɗu, hannu ya saba, ya wuce abinsa bai rufe ba. Bayanin Malam har shafi uku cur ya shige cikin aya. Kwafi sittin da aka buga a wani shago aka aika suka dawo daga Salaga, tare da saƙon Malam cewa ashe na'ura ce mai kula, ba mai ita ba, kuma za a kai aikin Bawku. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, don akwai gaskiya a cikinta. Sai dai bai yarda aikin ya bar Yendi ba.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa su huta da zarya, ba za a sayar da gawar ba. Za a naɗe ta a zane, a sa ta a akwati ƙarƙashin teburin da ta yi aiki, ranar Asabar bayan la'asar. Zaman makoki a shago ne, inda Abdul-Jalil zai bi kwafi sittin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ya rufe bakar da hannu, ya mayar wa Malam da kansa. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da biro. Mai zuwa dariya ma akwai benci, ya zauna ya gani.

(Wannan bakar, Abdul-Jalil ne ya buɗe ta, shi ne kuma ya rufe.)