Yadda Malam Nababa Ya Wadata Birnin Gwari da Likitoci

Duk garin da Allah Ya nufa da rahama, sai Ya ajiye masa mutum guda da zai riƙa yi wa sauran jama'a tunani. Mu a Birnin Gwari, a zamanin Turawa, Malam Nababa aka ba mu, kuma har yau ba mu gama godiya ba. Shi ne malamin ɗakin magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Ya yi karatu a Zariya, karatu mai zurfin gaske, tun daga shukar gero har zuwa girbinsa. Ya koyo wanke gyambo, da naɗa bandeji, da dama gishirin zawo. Ran da ya dawo ya bayyana mana cewa tsakaninsa da babban likitan Turawa saura ƙiris, shi ma ƙiris ɗin hassada ce ta tare shi. Nan take gari ya raɗa masa suna Likita Saura-Ƙiris. Da labari ya kai masa sai ya ji daɗi, don a ganinsa an dai ambaci likita.

Kada wani ya raina masa iyawa. In ciwonka a waje yake, ya shafa maka aidin. In a ciki yake, ya ɗura maka gishiri. In ya rasa inda ciwon yake, ya ce ka dawo gobe. Da wannan tsari ya riƙe lafiyar ƙasa guda, bai taɓa kuskure ba, don waɗanda suka warke suna nan suna shaida, waɗanda ba su warke ba kuwa ba a ƙara jin sun yi ƙorafi ba.

To, a shekarun nan ne ciwon barci ya sauka a ƙauyukan daji. Tsando ne ke kawo shi, ƙudan nan mai cizo da ke laɓe a kurmi da bakin rafi. Yakan fara da kaluluwa a bayan wuya, sai zazzaɓi, sai mutum ya dinga gyangyaɗi da rana tsaka, har wata rana a tashe shi ya ƙi tashi. Daga Kakangi har Saminaka ba unguwar da ba a yi kuka ba. Magani kuwa yana hannun ayarin masu allura, waɗanda ke bi gari gari suna lalubar wuyan mutane, su ɗebi jini su duba a madubin likita, su yi wa mai ciwo allura. Ayarin ɗaya ne tak a duk yankin, kowace ƙasa tana roƙonsa. Aka ce bana in ruwa ya ɗauke mu ne a gaba.

Kowa ya yi murna. Wadda ta fi kowa ita ce Saude, wata mata daga Gwaska, wadda ta tarar da mijinta Mu'azu yana barci a tsaye a gona, fartanya a hannu. Ta ɗaure shi a kan jaki, ta keto daji da shi, ta sauka a gidan ƙanwar uwarta, ta ce ba inda za ta sai an yi masa allura.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, kuma dalilinsa na kishin ƙasa ne. A cikin ayarin nan akwai malamai biyu da suka zauna aji ɗaya da Malam Nababa a Zariya, waɗanda suka san ainihin faɗin ƙiris ɗin nan. Ina amfanin baƙi su zo su ruɗa jama'a da tsofaffin labarai? Malam ya yi tunani mai nisa, ya tara mu a bakin kasuwa.

"Jama'a," in ji shi, "ana ta cewa likitoci sun yi ƙaranci. To laifin wa? Laifin karatun ne. Bature ya ce sai an shekara bakwai. Ni na zauna da Bature, na sa masa ido. Shekara shida da rabi shan shayi ne. Abin da ya rage na tace shi, na zubar da dusar, ga tsabar a kaina. Kafin kaka zan yaye muku likitocin da har aro za a zo nema."

Aka buɗe makaranta a gindin ceɗiyar da ke bayan ɗakin magani. Ɗalibai goma sha biyu, zaɓaɓɓu, wato waɗanda iyayensu suka ga rashinsu a gona ba zai rage komai ba. Babbansu Bakoji, ƙato mai biyayya, wanda aka sallama daga aikin ɗan doka saboda ɓarawo ya tsere masa da ankwar da sandar duka. Aka ɗinka wa kowa farar riga ta alawayyo, rabin karatu ya tafi.

Darasi na farko, tafiya. Likita ba ya sauri, ko da ihu ake yi, don sauri na ɗan aike ne. Hannu a baya, haɓa a sama. Darasi na biyu, wanke hannu, a wanke a gaban majinyaci a tsanake don ya san matsayinsa. Na uku, a tsura masa ido a ce "Hmm," a kaɗa kai. Wannan "Hmm" ɗin sai da aka yi mako ana fama da ita, don ta wasu kamar kukan saniya take fita. Na huɗu, layi. Ko uwarka ce, ta bi layi. Wani ɗalibi ya tambaya ko za a koya musu lalubar wuya yadda aka ce masu allura na yi. Wayyo, da ya yi shiru.

"Taɓa mutum? Ni wanzamai na ce zan yaye? Likita ba ya taɓa kowa. Da ido yake aiki. In ka duba ba ka gane ba, kada ka nuna. Ka ce masa ya dawo gobe. Wannan kalmar ita ce uwar magani."

Shi kansa Malam bai bar neman ilmi ba. Ya lura Turawa na fita shan iska da yamma, sai shi ma ya ɗauki sanda yana zuwa bakin rafi, can cikin kurmi inda ko makiyaya sun daina kai shanu. Tsando ya yi masa maraba irin ta manya. Bai taɓa kai masa mari ba, don a cewarsa bai dace a ga likita yana marin kansa ba. Tabɗi! Wannan natsuwa, sai wanda ya yi Zariya.

Ba a daɗe ba ya fito da sabon ado, farin ƙyalle naɗe a wuya har ƙeya, ya ce haka likitocin Ingila ke yi. Kashegari wuya goma sha biyu suka bayyana a naɗe, ana tsiyayar gumi. Bayan wannan kuma sai ya ƙaro wata hikimar. Yana cikin bayani, sai ya tsaya a tsakiyar magana, ido ya lumshe, haɓa ta sauka a ƙirji. Farkon yin haka ɗalibai suka tsorata. Da ya buɗe ido ya ga sun zuba masa nasu, sai ya gyara murya.

"Wannan shi ake kira tunani. Shi ne darasi na biyar."

Duk cikin darussan ba wanda ya karɓu kamarsa. Bakoji har munshari yake haɗawa da shi, don ƙwazo.

Da karatu ya kai a gwada a jikin mutum, sai aka tuna da Mu'azu. Saude ta kawo shi da rawar jiki, tana tsammanin ko za a rage masa wani abu kafin ayari ya iso. Aka kwantar da shi a tabarma. Likitoci goma sha biyu suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wanke hannu, ya ce "Hmm," ya yi tunani, ya ce ta dawo gobe. Ruwan wanke hannun ma ita ta ɗebo. Malam ya yanke hukunci cewa lalaci ne irin na mutanen daji. Allah sarki Saude, ta mayar da mijinta kan jaki tana share ido da gefen zane, ta ce ba komai, masu allura na tafe.

Ruwa na ɗaukewa sai ga Di'o, wani saurayin Baturen mulki mai jan wuya, ya zo shirya masaukin ayari. Rabin hankalinsa na wajen ɓaunar da aka ce masa an gani a daji. Malam Nababa ya jera masa likitoci a bakin hanya, fari fat, hannu a baya. Di'o ya tambaye shi ta bakin tafinta, mutum nawa ne suka kamu a ƙasar.

"Ranka ya daɗe, Zaki, ko ɗaya. Likitocina sun duba ƙasar nan kaf, ba su ga komai ba." Wannan kam gaskiya ya faɗa. "Mu nan mun wadata. A kai ayarin ga mabukata, kada a ɓata wa gwamnati allura. Kuma in Zaki zai ambaci sunana a sama, a ce Nababa ne ya gyara karatun likita, wanda da can..."

Ido ya lumshe, haɓa ta sauka. Nan take haɓa goma sha biyu suka bi ta. Di'o ya dubi tafinta, tafinta ya dubi Bakoji, Bakoji ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Tunani ake yi, ranka ya daɗe."

A daidai nan Saude ta kutso daga cikin jama'a tana kiran a zo a ga mijinta. Bakoji ya tare ta da ƙirji, ya nuna mata ƙarshen layi, yadda aka koya masa. Di'o ya yaba da wannan tsari ƙwarai. Ƙasashe uku ne ke masa kuka a kan ayari guda, ga wani ya sauke masa ɗaya a banza. Ya ce madalla, za a juya ayarin gabas. Ya saɓi bindigarsa ya shiga daji. Da Malam ya gama tunani ya tarar baƙo ya tafi, sai ya shaida mana cewa kwarjininsa ne Baturen ya kasa jurewa.

Ni dai ranar na ji kamar in shaƙe shi da ƙyallen nan nasa, kuma ba ni kaɗai ba. Amma wa zai ja da mutumin da Di'o ya ce wa madalla?

Da safe Saude ta biyo ta ƙofar ɗakin magani, Mu'azu ɗaure a kan jaki, kansa na lilo. Za ta bi sawun ayari, ko Allah zai sa ta cim musu kafin mijin ya ƙare. Ta tarar da Malam a kujera yana tunanin safe, ƙyallen ya warware ya zamo kafaɗa. Ta tsaya ta dubi bayan wuyansa. Ga kaluluwa nan jere, kamar ƙwan zabo. Ta tafa hannu har ya farka.

"Malam likita, sai wata rana. Abin nan na wuyanka, haka na Mu'azu ya fara. Da jakin biyu ne da na ɗauke ka."

Ta kaɗa jakinta ta wuce.

Malam Nababa ya kai hannu wuya. Ba yau ya fara jin su ba, amma yau ne aka faɗa masa da Hausa. Ya tuna rafi, ya tuna tsando, ya tuna inda ya tura ayari da bakinsa. Karo na farko tun dawowarsa daga Zariya aka gan shi yana sauri. Ya faɗa gindin ceɗiya ba hula, yana ƙwala kira.

"Bakoji! Ku zo ku duba ni! Ku taɓa nan, ku gaya mini abin da kuka ji!"

Likitoci suka dubi juna, suka yi murmushi. Ashe yau ce babbar jarrabawa. Suka taso a hankali, hannu a baya. Da yake akwai wata tsohuwa mai gyambo da ta riga shi zuwa, Bakoji ya roƙe shi cikin ladabi ya koma bayanta. Da layi ya zo kansa aka kawo ruwa, kowa ya wanke hannu tsaf.

"Ku bar wankin nan, ku taɓa wuyana, 'yan banza!"

"Haba, ranka ya daɗe," in ji Bakoji, "ba za ka kama mu da wannan ba. Mu ba wanzamai ba ne."

Suka kewaye shi, suka tsura masa ido. "Hmm" goma sha biyu suka fita a tare, ba wadda ta yi kama da kukan saniya. Malam ya buɗe baki zai tsine musu. Ya kai kan kakannin Bakoji ke nan sai ido ya lumshe, haɓa ta sauka. Ɗalibai suka taya shi tunani har inuwa ta juya.

Da ya buɗe ido, Bakoji ya gyara ƙyallen wuyansa, ya ɗaga haɓa, ya dubi malaminsa da muryar da ko a Zariya sai an tona kafin a sami irinta.

"Ka dawo gobe."

Duka goma sha biyun sun ci jarrabawa.