Yadda Za Ka Kai Baƙi Tuol Sleng Ba Tare da Ka Shiga Ba

Kai sabon direban adaidaita, matso kusa. Ni ne Vuthy, wanda 'yan tasha ke kira Mai Kunne, wai in na cire hular kwano iska ce ke riƙe ni. Shekara da shekaru ina zagayawa da baƙi cikin babban birninmu Phnom Penh, kullum sai na sauke su a Tuol Sleng, tsohuwar makarantar nan da 'yan mulkin Khmer Rouge suka mayar kurkuku, inda yanzu hotunan fursunonin da aka kashe ke jere a bango, amma har zuwa makon jiya ko inuwata ba ta tsallake ƙofar ba. Bi matakan nan, na lamunce maka za ka tsufa a bakin titi lafiya lau.

Mataki na ɗaya: Gajiyar da su tun da safe

Fara da fadar sarki. Kar ka faɗa wa kowa ba a shiga da gajeren wando sai an isa ƙofa. Kafin Bature ya gama cinikin dogon wando mai zanen giwa, rana ta take. Daga nan ka kora su matakalar haikalin Wat Phnom, su cire takalmi, su sa, su sake cirewa. Baƙon da ya jigata ba ya yawan tambaya.

Mataki na biyu: Tanadi uzuri

Da kun isa makarantar, wani zai ce, "Ba za ka shigo ka yi mana bayani ba?" Ka ce ana satar madubin adaidaita. Ka ce gwiwa. Ka ce na'urar da ake maƙala musu a kunne ta fi ka Turanci, wannan kam ba ƙarya ba ce. Sai ka ɗaura ragar kwanciyarka cikin adaidaita ka miƙe.

Amma kar ka yi zancen gwiwa kusa da Yaya Sophal mai kwakwa.

"Gwiwa? To jiya wa na gani a bakin kogi yana tsalle da ƙwallo kamar ɗan akuya?"

Sayi kwakwa biyu, bakinta zai mutu.

Mataki na uku: Shirya amsar gida

Nan aikin yake. In kana da uwa irin tawa, wadda Khmer Rouge suka tafi da mijinta wai "karatu" tana ɗauke da cikinka, bai kuma dawo ba, to da ka shigo za ta ɗago daga kan tukunya.

"Ka duba hotunan?"

Don haka ma ta sayar da 'yan kunnenta ta haɗa maka adaidaitar. Hotonsa ko ɗaya ba ta da shi. "Me za ka yi da hoto?" in ji ta. "Nemi kunnenka a jikin bango."

Amsar ita ce: "Yau mutane sun yi yawa, Inna." Amsar nan ba ta tsufa. Da damina ka ƙara da ruwan sama.

Duk shekara lokacin ciyar da matattu, Inna na kai wa sufaye shinkafa a haikali, ta jero sunan iyayenta da na ƙannenta, ta tsallake na mahaifina. Muddin ba a gan shi a bango ba, a wurinta yana hanya. In kuwa ya mutu, shekarun nan duk da yunwa yake kwana, ita ma ta sani. Ba na ɓoye maka, tsoron ranar da za ta faɗi sunan nan nake yi.

Mataki na huɗu: Kar ka cire hular kwano

Ni na cire, saboda zafi. Sai ga wata ɗaliba cikin baƙina, 'yar mutanenmu da aka haifa a Faransa, ta fito ta yi turus. Ta dubi wayarta, ta dube ni, ta sake duban wayar.

"Kawu, kana da wani a ciki?"

"Ni? Hau mu tafi, 'yata, filin kisan Choeung Ek da nisa, ga cunkoso."

Ta miƙo wayar, da hoton da ta ɗauka a jikin bangon ciki. Masana sun ce a nan sai ka kalli sama. Ni ban kalli sama ba. Ga mutum nan da lamba a ƙirji, saurayi, na ninka shi a shekaru, kunnuwa fato-fato.

Mataki na biyar: Koma mataki na uku

"Mutane sun yi yawa, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Ta zuba min miyar kifi, ta ƙara. Na ce a raina dabara ta sake ci.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da alhakin madubin da aka sace, ko kwakwar da ta ɓata maka ciki, ko kunnen da ka gada. Musamman ba ruwansa in ka fito da safe ka tarar da uwarka zaune a bayan adaidaita, sanye da farar rigarta ta zuwa haikali, da kwanon shinkafa da furen bado a cinya, tana cewa:

"Yau ni ce baƙuwar. Ajiye hular nan. In mun isa ka riƙe min hannu, ni tawa gwiwar da gaske take."