Ranar da Na Mayar da Bature Bafulatani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsara wa wani dattijo tarihin kakanninsa ba, alhali ban taɓa ganinsa ba sai ranar.

Lokacin ina watan gwaji a wani kamfanin sayar da tayil a unguwar Mohandessin a Masar. Maigidana, Bamisire mai saurin fushi, ya ce wani babban dila zai zo daga Italiya, sunansa Bello. Ina jin sunan na dafe ƙirji.

Na ce, "Ustaz, ai wannan namu ne! Ka bar min shi, khalas, shi ke nan."

Na ɗauka wani Basakkwace ne da ya yi arziki a Turai. Ranar na zuba babbar riga, na matsu a ƙaramar bas tun daga unguwar Faisal, ina ta gumi (har da ƙunshin kilishi a aljihu, don Allah kada a tambaye ni).

Ana buɗe ƙofa na rangaɗa, "Barka da zuwa, Alhaji!" Sai ga Bature jawur, tsoho mai furfura da sanda. Maigida ya juyo ya kalle ni, irin kallon da ke cewa ka fara tattara kayanka.

Mai hankali da ya yi shiru. Ni kuwa tsoron kora ya buɗe min baki. Na gyara murya na bayyana wa baƙon cewa Bello sunan Fulani ne, wato kakansa bafatake ne da ya ƙetara hamada zuwa Tarabulus, ya hau jirgin ruwa, ya yi aure a can. Har na nuna hancinsa na ce ga shaida (hancin ma ba wani dogo ba ne).

Tsohon ya zauna, ya jingine sandarsa, ya amsa da Larabcin Masar da ya fi nawa kyau, ashe a Iskandariya aka haife shi.

"Ɗana, a harshenmu bello na nufin kyakkyawa. Laƙabi ne da aka yi wa wani kakanmu a ƙauye, ya bi zuriya. Kakata kuma ta ce tsokana ce, don mutumin ya fi kowa muni a garin."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake har da hawaye.

"Shekara saba'in ina jikan mummuna," in ji shi, "yau ka ba ni bafatake mai raƙuma. Naka ya fi, na karɓa!"

Ya tambaye ni ma'anar sunan a wajenmu. Wannan karon na yi a hankali, na ce na ji dattawa na cewa mai taimako ne, amma ban rantse ba. Ya rubuta a ɗan littafinsa, wai zai kai wa jikokinsa. Da za su zauna cinikin, ya ce in zauna kusa da shi. Maigida ya saki ajiyar zuciya, ya ce, "Tamam," wato komai ya yi daidai. Ni kuwa na ja kujera na zauna kusa da tsohon.

Na yi shekara huɗu a wannan kamfani. Tun daga nan, ko an ce min baƙo sunansa Ɗanladi, sai na fara leƙa shi ta taga kafin in yi dangantaka.