A Zo a Kwashe Baƙin da Ke Zauren Labbo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Kwamfuta na Kibiya, da mataimakansa, da bawan Allahn da ke buɗe masa wasiƙu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyar iyali da ta ma'aikata da ta injina, ina fatan wannan takarda za ta iso gare ka da sauri, ba irin saurin laftof ɗinka ba.

Sunana Bunyaminu ɗan Labbo, mai masaukin baƙi a Tsamiya ta ƙasar Bagudo, daf da iyakar Jamhuriyar Binin. Fatake masu albasa, da masu busasshen kifi daga Kaoje, da masu shanu, a zaurenmu suke sauka. Mu ba su tabarma da tuwo, mu haɗa su da masu saye. Tun kakana ake wannan aiki, kuma abu guda ake yabon gidanmu da shi: ba a taɓa korar baƙo ba. Marigayi mahaifina ya taɓa saukar da wani Bazabarme da ya ce gobe zai wuce, yanzu jikokinsa ne maƙwabtanmu. Na faɗi wannan ne domin ka san girman abin da kamfaninka ya jefa ni ciki.

Ni ba ɗan gayu ba ne, ba don ƙawa na sayi Kibiya ba. Mahaifiyata, Inna Tasallah, idonta na dama ya daɗe da tafiya, na hagun kuma likita ya gaya mana gaskiya cewa abin da ya rage ba mai daɗewa ba ne. Ɗana Sulaiman yana can Kwatano yana sayar da albasa. Matarsa ta haifi namiji, ya ce sunan kakansa Labbo zai sa masa. Inna ba ta iya doguwar tafiya, mai jego ma haka. Mun gwada nuna mata yaron a waya, ta ce ita ɗan wake kawai take gani. Sai na nemi abu mai faɗin fuska, domin ranar suna ta ga jinjirin da sauran idonta. A jikin kwalinku an zana kibiya tana keta iska. Na yarda da zanen.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Mai shagon ya rantse mini cewa sabuwa ce fil, ba wanda ya taɓa shiga. Ina buɗewa na tarar gida cike da mutane. Akwai mai gaya mini yanayin wani gari da ƙanƙara ke zuba, alhali ni labarin cikar kogi nake nema. Akwai mai tallan takalman gudu. Akwai ɗan karta, a gidan da ake limanci a ƙofarsa. Akwai mai gadin da ban ɗauka aiki ba, wanda kullum yake leƙowa ya ce ɓarayi sun kewaye ni, in sallame shi ko ya tafi, kuma ba ya tafiya. Akwai wani mai shara da ya ce aikinsa ƙara wa na'urar sauri, shi ne kuma ya fi kowa nauyi. Ban ƙirga su ba, domin a gidanmu ba a ƙirga baƙi.

Kowannensu ya yi sallama, ya tambaye ni ko na yarda. To me zan ce? Mutum ya tsaya a bakin ƙofata yana neman izini, sai in danna masa a'a? A garinku haka ake yi? Duk wanda ya tambaya na ce na yarda, wanda ya ce yana da ɗan'uwa a hanya na ce ya taho da shi. Ina zargin, ranka ya daɗe, kun bincika tarbiyyarmu kafin ku ƙera wannan abu.

Na biyu. Baƙon kirki yakan jira mai gida ya ce bismillah. Naku kafin in wanke hannu sun cinye datar da na saya, sun shanye cajin da sola ta wuni tana tarawa a tsakiyar damina, lokacin da rana ma sai an roƙe ta. In na kunna Kibiya da safe, sai in je in gaisa da fatake, in sasanta cinikin buhunan albasa, in sha kunu, in dawo in tarar tana miƙa. Wace irin kibiya ce maharbi zai saki, ya je ya yi alwala, ya dawo ya same ta a bakin baka?

Na uku, wannan ƙarami ne amma ya taɓa mutunci. A nan wayoyinmu wani lokaci sabis ɗin Binin suke kamawa. Duk ranar da haka ta faru, sai baƙinku su yanke hukuncin cewa na yi ƙaura, su juye Faransanci. Mai takalma ya koma talla da Faransanci, mai gadi ya koma tsorata ni da Faransanci. Ina zaune a ɗakin da aka yanke mini cibiya, an mai da ni ɗan ƙasar waje ba tare da na taka ko gada ba.

Na huɗu. A nan nake roƙon ka gyara zama.

Ranar suna Inna ta yi wanka tun da sassafe, ta ɗaura zanen da ba ta fito da shi sai da salla, ta sa aka zizara mata kwalli a idon da ya rage. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, na ajiye Kibiya a kan turmi a gabanta. Sulaiman ya bugo ya ce liman ya iso, an kawo jinjiri. Na danna kira. A daidai nan na'urarku ta yi shuɗi, ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada in kashe. Wasu ɗige-ɗige suka shiga zagaye. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce, "Kai, wanga abu mai kewayawa, shi na jinjirin?"

Aka raɗa suna, aka yanka rago, aka raba goro, jama'a suka watse. Ɗige-ɗigen suna nan suna zagaye. Da ta gama, sai ta yi mini albishir cewa an ƙara mini sabon wasan karta. Inna ta miƙe ta shiga ɗaki ta cire zanen. Wannan ya yi mini ciwo, ranka ya daɗe, kuma ba zan sakaya maka ba. Da na bi ta ina ba ta haƙuri, abin da ta ce kawai shi ne, "Ubanka bai kori baƙo ba, amma bai bari baƙo ya zamna mishi bisa ido ba."

Na biyar. Na ɗauki Kibiya na kai wa Shamsu mai gyaran kwamfuta a Bagudo, wanda taubashina ne, saboda haka sai da ya ci ni da dariya kafin ya taɓa komai. Ya ce, "Ashe yau ɗan Labbo za shi korar baƙi. Bari in kira maroƙi shi shaida ma gari." Ya gwada fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Wani in an cire shi sai ya tambaya ko mun tabbata, wani ya tambayi dalili, wani ya yi kamar ya tafi, ana sake kunnawa a gan shi ya dawo ya shimfiɗa tabarmarsa. Wasu ma kun hana su maɓallin fita gaba ɗaya. Shamsu ya ce magani ɗaya ne, a share komai, a sauke babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, a ɗora tsohuwa irin wadda ke cikin tsohuwar kwamfutarsa. Ya gargaɗe ni cewa tsohuwar ba a ƙara kula da tsaronta, kada in riƙa shige-shige da ita. Ya kuma nuna mini takardarku ta cikin kwali, inda kuka ce duk wanda ya yi haka garantinsa ya mutu. Allah ya jiƙan garanti. Da yana raye ma ban ga abin da ya tsinana ba.

Ko a nan ba ku bar mu mun huta ba. Kun kulle ƙofar da ake bi a canza manhajar, kun ɓoye ƙananan manhajojin da ke sa sassan na'urar aiki da tsohuwar. Shamsu ya yi ta tono har ya samo na lasifika da na intanet. Na kyamara har yau babu. Mu muna ganin mutane, su ba sa ganinmu.

Amma ta tashi, ranka ya daɗe. Tsohuwar nan da kuka yi wa ritaya, kafin in gama gyara hula ta buɗe. Gida fayau, ba mai talla, ba mai gadi. Na koma Tsamiya, aka sake fito da turmi. Inna ta ƙi ɗaura zanen salla, ta ce ba za a yi mata biyu ba. Na kira Kwatano, Sulaiman ya ɗago yaron ya cika fuskar Kibiya da shi. Inna ta karkata kai ta kawo idon hagu, ta daɗe tana kallo. Ita ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, kuma ba ta fara ranar ba. Ta sa yatsa a kan gilashi ta ce, "Ga su nan, kunnuwan mutumen ga. Ashe ya komo. Ku hwaɗa mishi ya makara, amarya ta tsuhwa." Kowa ya yi dariya, ni na fita zaure domin wani abu ya faɗa mini a ido.

Saura maganar sunan gidanmu. Ina so a rubuta a ofishinka cewa ɗan Labbo bai kori baƙo ba. Kafin a share, na sa Shamsu ya kwashe su kaf, har da ɗan karta, ya zuba su a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Na ɗaure filash ɗin da zare, na rataye shi a ƙusa cikin zaure, inda kowane baƙo ke sauka. Sauyin ɗaki aka yi musu. Suna nan lafiya, ba sa cin data, ba sa Faransanci, fatake ma sukan gaishe su.

Buƙatata biyu ce. Ta farko, ka turo a kwashe mutanenka. In kai da kanka za ka zo, akwai tabarma da tuwo, kuma ba za a tambaye ka ranar tafiya ba. Ta biyun ban san sashen da ke kula da ita ba. Jiya mun sake kiran Kwatano, yaron har ya fara murmushi, Inna ta ce haske kawai take gani. Ta ce ba komai, ta riga ta ga kunnuwan. In akwai inda kuke ajiye kwanakin da baƙinku suka cinye tsakanin suna da gyara, lokacin idon yana da sauran ƙarfi, a taimaka a haɗo mata da su.

Allah ya ƙara wa kamfani girma, ya rage masa nauyi.

Naka mai biyayya, wanda har gobe in aka yi sallama zai amsa,

Bunyaminu ɗan Labbo
Mai masaukin baƙi, Tsamiya, Bagudo