Jarrabawar da Na Yi wa Baba Saja a Gadon Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tara wa kaina jama'a a ɗakin maza na wani asibiti a Zuru ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Mahaifina tsohon soja ne, kowa Baba Saja yake kiransa. Ya haura saba'in, amma da kansa yake tuƙa babur zuwa gonarsa ta Manga. Ni kuwa malamin firamare ne a Rikoto (ku riƙe wannan, don nan bala'in ya samo asali). A bariki aka haife ni, a bariki na girma, da Hausa na buɗe baki. C'lela, harshen iyayena, gaisuwa kawai na iya, sai ɗan zagin da na tsinta wajen 'yan uwa. Baba bai taɓa yi min magana da shi ba, sai dai in suna son yin gulmata shi da marigayiya Mama.

Ciwon ya fara da zazzaɓi da zafin fitsari, ya ɓoye mana, wai soja ba ya kwanciya don zazzaɓi. Wata rana da hantsi na leƙa gidansa na same shi a baranda, ya sa tsohon takalminsa na aiki, yana tambayar ina motar da za ta kwashe su. Na ce, "Baba, wace mota?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai wane ne? Daga wace runduna?"

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mutumin da ya koya min ɗaura igiyar takalmi yana kallona kamar baƙon da ya ɓata hanya.

A asibiti aka ɗebi jininsa, aka ba shi gado. Likitan, wani matashi ɗan Argungu mai magana a hankali, ya ja ni gefe.

"Malam, ƙwayar cuta ce ta kama mafitsara, ta hwara ratsa jiki. Wanga gwaji da munka yi, si-ar-pi, shina nuna kumburi, kuma na Baba ya hau ƙwarai."

Ina jin kalmar kumburi na koma na yaye zanen gado, na hau latsa ƙafafun Baba ɗaya bayan ɗaya. Na dawo na ce wa likita ni dai ban ga inda ya kumbura ba. Ya danne dariya ya ce ba irin wanda ido ke gani ba ne. Alama ce a jini ta yadda jiki ke faɗa da cuta, kuma in ta yi sama haka, tsofaffi sun fi saurin ruɗewa: su manta inda suke, su ga abin da babu, ko su yi shiru su yi ta barci. Ba dole ba ne ga kowa, kuma in magani ya ci ƙarfin cutar, yawanci hankali yakan dawo.

"Yawanci?" na ce.

"Yawanci. Kai dai ka zauna kusa da shi. Ka sa mishi tabarau nai, ka ba shi ruwa, ka bar shi ya yi barci. Ka riƙa gaya mishi inda yake da ko wace rana ce. In ka ga wani canji, ka kira mu."

Ka riƙa gaya mishi, haka likita ya ce. Amma kunnen malamin makaranta daban ne. Kafin maganar ta isa ƙwaƙwalwata ta koma ka riƙa tambayarsa.

Haka na buɗe aji a bakin gado. "Baba, yau wace rana? Ina muke? Wane ne ni? Lissafo watanni daga Disamba zuwa baya." (Wannan na ƙarshe a waya na karanto, don na koma likitan kaina, duk abin da na karanta kuma sai ya ƙara tsorata ni.) Kwanakin farko amsoshin ba su da kai. Ya kira ni Kofur, ya ce a duba masu gadi, ya nemi cire robar ruwan da ke hannunsa. Kowace amsa ta kauce, sai in fita baranda in share hawaye, in dawo in sake tambaya. Barci kuwa na daina, abinci sai abin da aka tura min. Abu ɗaya nake roƙon Allah: Baba ya dube ni ya san ni ne.

Da aka kwana biyu jikin ya yi sanyi, ya fara cin abinci, amsoshi suka fara shiga hanya. Ya faɗi sunan gari, ya faɗi sunana. Rana ce kawai yake ta kuskurewa. In na ce Laraba ce, ya ce Talata. In gyara masa, ya yi tsaki ya juya wa bango fuska. Ni kuma zuciyata ta ce ai shi ke nan, abin bai sake shi ba. Wani Bafulatani da ke gadon kusa har ya ce min, "Malam, ka bar dattijo ya huta mana." Na yi masa kallon wanda bai san kimiyya ba.

Washegari da safe, Baba ya sha kunu, ya goge baki, na gyara zama.

"Baba, yau wace rana?"

Ya dube ni. Sai ya buɗe baki ya kama magana da C'lela, doguwa, da ƙarfi, yana nuna ni, yana nuna hannunsa inda ake ɗibar jini, yana nuna ƙofa. Ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya, ita ma cikin zagin nan ce. A daren jiya kuwa na karanta cewa wasu tsofaffin in sun ruɗe sukan koma harshen yarinta. Ga Hausar ma ta gudu, gobe kuma me zai rage?

Na fita a guje, takalmi ƙafa ɗaya, ina ihu a baranda: "Likita! Likita! Baba ya tafi! Baba ya tafi!"

Hankalinsa nake nufi. Amma daidai lokacin Gwaggo Ladi, yayar Baba, ta kawo kai da kular abinci, bayanta matan zumunta na cocinsu sun zo dubiya. Ta saki kula, miyar kuka ta malale a siminti, ta ɗora hannu a ka ta tsala kururuwa. Matan suka amsa. Masu jinya suka fito daga sauran ɗakuna, wani har ya fara min ta'aziyya, yana cewa in yi haƙuri, tsohon ya yi rayuwa mai kyau.

Muka ɗunguma cikin ɗaki, likita a gaba, ma'aikatan jinya a baya. Ga mamaci zaune, tabarau a hanci, yana sakace.

Gwaggo ta tsaya da kukanta a rabi. Baba ya dube ta ya maimaita abin da ya faɗa min, har da nunin. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa, ta zauna a bakin gado tana dariya da hawayen kukan ɗazu.

Likita ya ce, "Mama, mi ya ce?"

"Wai ku ɗebi jinin yaron nan ku auna. Wai shi ya warke, ciwon ya koma kan ɗansa. Mutum ya wuni yana tambayar rana, an gaya masa, ba ya riƙewa. Wai ko dai ku ba shi gado, ko ku fitar da shi waje."

Ɗakin ya ɗauka da dariya. Na yi ta maza na ce ai ranar ce har yanzu yake kuskurewa. Likita ya juyo gare ni a natse.

"To Malam, yau wace rana?"

"Alhamis," na ce, da muryar gaban allo.

"Laraba!" Haka ɗakin ya amsa baki ɗaya, har da Bafulatanin, har da matan zumunta, kamar 'yan aji uku.

Baba ya cire tsinke daga baki, ya ce da Hausa tsaf, "Tun jiya nake ce masa Talata, yana ce min na faɗi."

Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Waya tana hannuna duk kwanakin nan, da kwanan wata ɓaro-ɓaro a fuskarta, ni ina can ciki ina karatun cututtuka. Likita ya tausaya min, ya ce kiran da na yi daidai ne, don canjin harshe yakan zama alama, ihun ne kawai ya yi yawa. Ya yi wa Baba 'yan tambayoyi, Baba ya cinye duka, sannan ya ce sabon gwajin ya nuna kumburin ya sauka sosai.

Da jama'a suka watse na tsuguna ina goge miya a baranda, Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina.

"Akwai wadda ban fassara ba, don ba ta mutane ba ce. Ya ce ya san ka, kai ɗansa ne, ko cikin duhun nan muryarka yake ji. Ya ce ka je ka kwanta."

Amsar da na kwana nawa ina roƙon Allah in ji ke nan. An ba ni ita a fuskata, na ruga ina shelar mutuwa.

Daga baya na tambayi Baba me ya sa bai faɗa da Hausa ba. Ya ce, "Na yi da Hausa ba ka ji ba, na ce bari in gwada harshen uwarka."

Abin da na koya dai, in likita ya ce ka gaya wa mara lafiya rana, to ka fara duba ta tukuna, kuma kafin ka ce tsoho ya ruɗe ka tabbata ba kai ne ba ka jin yarensa ba. Yanzu kowace Asabar ina zuwa gidansa, ya zaunar da ni a baranda, ya gyara tabarau, ya tambaye ni da C'lela yau wace rana. Har yanzu ban ci ba.