Hannun da Ya Fasa Noti

"...lafiya lau, amarya. Ya gajiyar kwanciya a ƙarƙashin mota?"

"Au, kai ne? Ashe ka kwana. Ni fa har na fara gyaran muryar kuka."

"Adana muryarki. Sai na ga furfurarki tukuna."

Tsohon ya ja kujerar roba ya zauna a bakin gareji. Shi ya gina wurin nan, a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kwance injinan manyan motoci. Amma tun da hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa suka taru suka yanke hukunci: Baba kada ya ƙara taɓa sifana. Garejin ya koma hannun jikarsa, wadda ta gaji sana'ar har da taurin kan. Rawar hannun ba ta dame shi ba kamar yadda ake lallaɓa shi, kowa na yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya. Jikar nan ce kaɗai ba ta raga masa, shi ya sa kullum yake zuwa a tsokane shi ya ji daɗi.

Yau jar motarta ta tsere ce a kan jak, an cire mata bamba. Yarinyar ta turo kai waje, goshinta duk baƙin mai.

"Wannan ɗan lagireton da kika maƙala a gaba fa? Motar ce ta haihu?"

"Na sanyaya baƙin mai ne. In na taka ta a fili, mai sai ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa. Yanzu zai fito daga injin ta wannan tiyo, ya bi ta nan iska ta buge shi, ya koma ta wancan."

"A zamaninmu in mota ta yi zafi, inuwa muke nema mata."

"A zamaninku jaki na wuce ku a hanya ya yi muku sannu."

"Ke! Na ja mota da kaya har sama, na hau dutsen da ko akuya sai ta yi shawara."

"Da baya ko da gaba?"

"Da idona a rufe!"

"Shi ya sa har yau bai gama buɗewa ba."

Ta ɗauko wani faifan ƙarfe mai baki biyu, ta sa shi a mazaunin filta, ta mayar da filtar a kansa. Sannan ta ja tiyo biyu ta bayan fitila, tana kauce wa salansa da taya, tana ɗaure su kada su goga da komai. Tsohon na kallo, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Aikin ya yi kyau, kuma wannan ma ya ƙara masa haushi, don bai sami abin kushewa ba. Sai da ta zo kan notin da ke haɗa tiyo da ɗan lagireton, wani shuɗi mai sheƙi. Ta murza da hannu, ta ɗan ƙara da wata sifana mara nauyi, ta saki.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wannan ɗauri ne ko gaisuwa? Noti ai sai ya yi kuka ake barinsa."

"Na alminiyam ne, tsoho. Ba irin na akwalar motocinka ba. Lallashi yake so."

"Ni ban taɓa lallashin ƙarfe ba."

"Ko mace ma ba ka iya ba. Ni da ka ce amaryarka ce, me ka taɓa kawo min ban da surutu?"

"Na kawo miki ubanki duniya. Bai isa ba?"

"To uban nawa ne ya ce ko tsumma kada in bari ka ɗauka. Zauna nan, ango. Zan ɗauko mai a ciki."

Tana shigewa ɗakin kaya ya miƙe. Maganar tsumman nan ta soke shi. Shi da ya koya wa ubanta bambancin dama da hagu, yau shi ake kafa wa doka? Ya san inda babbar sifanarsa take, ya san inda guntun bututun da yake zura mata yake, don ƙarin ƙarfi. Haka ya yi wa kowane noti tun yana saurayi, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Ya ɗauko su ya nufi shuɗin notin. Hannun ya yi rawa kafin ya kama, amma da ya kama sai ya tsaya cak. Daɗi ya rufe shi. Ya danna.

Ƙas!

Notin ya tsage gida biyu, rabi ya faɗi ƙasa ya gangara har gaban takalmin jikarsa, wadda ke tsaye da galan a hannu.

Tsohon ya sauke sifanar. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, ba na faɗanta ba, na tausayinta. In yarinyar nan ta ce masa "ba komai, Kaka, je ka huta," to ta ƙare masa, ya zama abin lallaɓawa a wurin kowa.

Ta ajiye galan. Ta ɗauki guntun ta juya shi.

"Kai, amma kai mugu ne."

"Ni?"

"Kai fa! Noti na zamansa lafiya, bai zage ka ba, bai ci maka komai ba, ka raba shi da duniya. Azzalumin tsoho!"

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ya gyara tsayuwa.

"Ragon noti ne. Taɓa shi kawai na yi."

"Da bututu? Gada kake ɗaurewa?"

"Abin da bai iya jure hannuna ba, ina zai jure hanya? Taimakonki na yi."

"Allah ya kiyashe ni da taimakonka."

Wayarta ta yi ƙara a kan teburin aiki. Ta duba.

"Abba ne." Ta ɗauka. "Na'am, Abba... E, yana nan... A'a, yana zaune abinsa. Wani noti ne dai ya fashe mini, ni na matsa shi da yawa."

Tsohon ya ji kamar an mare shi. Wato ita ma rufa masa asiri za ta yi, kamar yaron da ya yi fitsarin kwance? Ya fizge wayar.

"Kai! Ƙarya take yi maka. Ni na fasa! Da hannun nan da kuka taru kuka yi wa jana'iza. Mataccen hannu na fasa ƙarfe? Ka faɗa wa sauran 'yan'uwanka, gobe ma ina nan, jibi ma ina nan. Wanda bai yarda ba ya zo ya miƙo hannu mu gaisa, in bai yi ƙara ba ku ɗaure ni a gado!"

Ya kashe wayar ya miƙa mata, yana huci. Jikar ta dube shi, ta dubi wayar, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa mota.

"Na sallama, ango. Wallahi na sallama." Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani shuɗin noti sabo fil. "Uku na saya maimakon biyu, don na san wanda na aura."

Ta haɗa shi da bakin tiyon, sannan ta kama hannunsa mai rawa ta danƙa masa ƙaramar sifanar.

"Kai za ka ɗaura. Amma in na ce tsaya, ka tsaya."

"In na ga dama."

Ya durƙusa a gaban motar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya murza a hankali, a hankali, har ya ji notin ya zauna. Kafin ta buɗe baki ya saki.

"Ban ce tsaya ba tukuna."

"Da can ma ba ke nake jira ba. Miƙo min ɗayan."